Filin Tambaya da Amsa: Basine, Turanci da Rigimar “Duka”

Wasiƙu huɗu na ware don wannan fitowa, saboda duk a kan abu guda suke: Hausawan da hulɗa ta haɗa su da Sinawa, Turanci ne ya zama gadar da suke bi, sai ga wasu 'yan kalmomi sun zama kashin kifi. Masu tambaya kan jarabawa su yi haƙuri sai wata mai zuwa.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni yaron shago ne a Kantin Kwari, maigidana ɗan Chana ne mai shigo da atamfa da yadi. Da ya ji na yi NCE a fannin Turanci, sai ya ce in riƙa zama da shi bayan an tashi kasuwa ina gyara masa Turancinsa, yana ɗan ba ni na cefane. Mutumin yana da kai, amma akwai kalmomin da suka tsaya masa a wuya: all, whole, every, complete, full da total. Jiya ya ce min “Every customers all want this colour.” Wata rana ya ce “I paid the whole money.” Ranar da na je banki na daɗe kuwa cewa ya yi “I wait you every day,” alhali wuni ɗaya yake nufi. In na gyara masa sai ya buɗe ƙamus ɗin wayarsa ya nuna min wai ai duk ma'anarsu ɗaya. Na san kuskure ne, amma na rasa ta inda zan ɓullo masa. Ina mafita?
Ɗalibinka na nesa, Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sa wa nema albarka. Da farko dai ka daina musu da ƙamus ɗin nan, don bai yi ƙarya ba. In batun yawa ake yi, kalmomin shida abu ɗaya suke faɗa, wato ba a bar komai a baya ba. Inda suka rabu shi ne ta gefen da mai magana ya kalli abin. Ƙamus kuwa ba ya iya nuna gefe, sai dai ido. Kai kuma Allah ya ajiye ka a wurin da ya fi kowane aji kayan koyarwa.

Gobe in an tashi kasuwa, ka sa ya ajiye wayar. Ka ɗauko turmin atamfa guda wanda almakashi bai taɓa ba, ka ɗora a kan benci, ka shafa shi daga wannan baki zuwa wancan, ka ce “the whole piece.” Abu ɗaya ne, ba a yanka ba. Sai ka jero turame goma, ka ware hannu biyu ka rungumo su, ka ce “all the pieces.” Abubuwa da yawa ne, ka tattaro su wuri guda. Daga nan ka bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, kana taɓa kowanne, ka ce “every piece.” Turamen nan goma ba su ƙaru ba, ba su ragu ba, kai ne ka sauya yadda kake kallon su. Ka jawo katan da aka danna wa kaya har murfinsa ba ya rufuwa, wannan shi ne “full,” babu sauran wuri. Ka ɗauko leshi da gwaggwaronsa da mayafinsa waɗanda ake sayarwa tare, ka ce “complete,” sannan ka zare mayafin ka ɓoye a bayanka ka ce “not complete.” Na ƙarshe ka miƙa masa kalkuletarsa, ka nuna lambar da ke fitowa bayan an gama tarawa. Ita ce “total,” kuma na tabbata ita ce ba za ta ba shi wahala ba, don ɗan kasuwa ne. Gani ya kori ji.

To, yanzu bari mu duba daga inda kurakuran nasa suke fitowa, domin ba da ka yake yin su ba. Lokacin da ake shimfiɗa layin dogon Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, na koyar da wasu injiniyoyi Sinawa Turanci da yamma, kuma jimlar farko da ka kawo na sha jin 'yan uwanta har na haddace. A Sinanci akwai wata 'yar kalma da ake rubutawa “dou” da baƙin boko, ana furta ta kusa da “do” mai ja. Wurin zamanta ɗaya ne, daf da aikatau, bayan an ambaci waɗanda ake magana a kansu. Aikinta ta waiwaya baya ta tattaro su kaf. Akwai kuma “mei,” wadda ita ce “kowane” ɗinsu. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, a harshensu waɗannan biyun tare suke tafiya. In Basine zai ce kowa ya zo, cewa yake “mei ge ren dou lai le,” wato kowane mutum duk ya zo. In ya cire “dou” sai jimlar ta yi masa lami a baki. Saboda haka da ya juyo Turanci sai ya ajiye “every” a wurin “mei,” ya ajiye “all” a wurin “dou,” ya ga komai ya zauna daidai. Turanci kuwa ba ya haɗa su a kan abu ɗaya. Ko dai “Every customer wants this colour,” ko kuma “All the customers want this colour.” Ya zaɓi ɗaya ya saki ɗaya.

Kada ka yi masa dariya, don mu ma haka muke. Ba ka taɓa jin an ce “duk kowa ya hallara” ba, ko “kowa da kowa duk ya ci ya ƙoshi”? Hausa ma tana son ninka wannan ma'ana. Wannan ne ma ya sa nake ganin Bahaushe ya fi Bature dacewa da koya wa Basine wannan darasi, domin Bature bai san inda ke yi wa mutumin ƙaiƙayi ba, kai kuwa ka sani.

Sai batun “s” da ya liƙa wa “customer.” Sunaye a Sinanci ba sa sauya kama tsakanin tilo da jam'i. Littafi ɗaya “shu,” littafi ɗari ma “shu.” In suna son ƙirga sai su sa wata kalmar awo tsakanin lamba da suna, kuma kowane irin kaya da tasa: littafi da “ben,” takarda da “zhang,” turmin yadi da “pi.” To an koya masa a makaranta cewa in abu ya wuce ɗaya a Turanci ana sa masa “s.” Ya duba shago ya ga masu saye da yawa, sai ya bi doka. Ka koma kan yatsan nan da ka bi turame da shi. Yatsa turmi nawa yake taɓawa a lokaci guda? Ɗaya. Shi ya sa abin da ke bin “every” tilo ne, aikatau ɗinsa ma na tilo ne: “every customer wants,” “every carton is open.” A nan Hausa ta fi sauƙi, mu ma “kowane mutum” muke cewa, ba “kowane mutane” ba.

Jimla ta biyu, “the whole money,” kafin ka ɗora wa Sinanci laifinta ka kasa kunne a layinku. Ina kyautata zaton a bakin 'yan kasuwarmu ya tsince ta, don a Najeriya an saba cewa “the whole money” da “the whole people” har an daina jin nauyinsu. Laifi tudu ne. Ƙa'idar ita ce “whole” tana son abu ɗaya mai iyaka, wanda za a iya ƙirga shi: kaza guda, buhu guda, wata guda, gari guda. Kuɗi da shinkafa da ruwa da fetur a Turanci ba a ƙirga su kai tsaye, don haka “all” ce ke ɗaukar su: “all the money,” “all the rice.” In ya nace sai ya yi amfani da “whole,” to ya zuba abin a mazubi tukuna: “the whole amount,” “the whole bag of rice.” Akwai 'yan kaɗan da suka kauce wa wannan, irin “the whole time” da “the whole truth,” waɗannan haddace su ake yi.

Ka lura kuma da inda “the” take zama, don nan ne Sinawa suka fi tuntuɓe, tunda harshensu ba shi da “the” ba shi da “a” ko kaɗan. Tsarin dai shi ne “all” ke gaba, “the” na biye. Ga “whole” kuwa akasin haka ne, “the” ke gaba: “all the cartons,” “the whole carton.” Haka yake da “my” da “his”: “all my life,” “my whole life.” Ka rubuta masa waɗannan biyun a jikin kwali ka manna kusa da teburinsa. Za ka kuma ji yana cewa “all of people.” Ko ya ce “all people,” in mutanen duniya yake nufi, ko “all the people” ko “all of the people,” in wasu sanannu ne. Inda “of” ta zama dole shi ne gaban wakilin suna: “all of us,” “all of them.”

Ta ukun ita ce mafi sauƙi, domin harshensa ma ya raba su. “Mei tian” kullum ke nan, “zheng tian” wuni sukutum. Faɗa masa cewa na farko shi ne “every day,” na biyu “all day” ko “the whole day,” kuma kada ya manta da “for” bayan “wait.” Abin da ya so faɗa shi ne “I waited for you all day.” Kai kuma ka rage daɗewa a banki.

Abu ɗaya na rage maka, wanda bai fito a wasiƙarka ba amma zai fito. “Dou” ba ruwanta da ko mutum biyu ne ko dubu, duk tana tattaro su. Don haka wata rana zai ce “We two all go.” Mu ma “dukanmu biyu” muke cewa. Turanci ya ware wa biyu kalmarsu daban, “both,” ya bar “all” ga uku zuwa sama.

Tambaya: Baba Malam, barka da aiki. Ina karatun likita da Turanci a wata jami'a da ke lardin Jiangsu. Ina da ƙawa Basiniya, muna musaya, tana koya min Sinanci ina taimaka mata da Turanci don tana shirin jarabawar Turanci ta CET-4. Ta tambaye ni bambancin each da every na yi ta kame-kame. Sannan ta rubuta “All the patients did not eat,” na tambaye ta ko wasu sun ci, ta ce a'a babu wanda ya ci. Daidai ne?
'Yarka a ƙasar Sin

Amsa: Barka kadai, 'yata, Allah ya ba da sa'a ya dawo mana da ke lafiya. Jarabawar da ƙawarki ke shiri tun 1987 ake yin ta a jami'o'in ƙasar, kuma irin waɗannan ƙananan abubuwa suna cin maki, don haka ba ɓata lokaci kuke ba.

Bari in fara da ta biyun, ita ta fi daɗi. A Sinanci, wurin da aka ajiye kalmar korewa shi ke yanke hukunci. “Dou bu” na nufin babu ko ɗaya, “bu dou” na nufin wasu ne kawai. Ki duba Hausarki, za ki ga tsarin iri ɗaya ne sak. “Duk ba su ci ba,” babu wanda ya ci. “Ba duka suka ci ba,” wasu sun ci. Har karin magana muke da shi a kan na biyun: ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Turanci ne ya zo da ruɗani a nan, domin jimla irin “All the patients did not eat” tana iya ɗaukar ma'anonin biyu, ya danganta da inda mai magana ya danna murya. A rubuce kuwa babu murya. Likitan da ya karanta wannan a takardar miƙa aiki zai tsaya yana tambaya, wataƙila a kan marasa lafiyar da za a shiga da su tiyata. Ki ce mata in “dou bu” take nufi ta rubuta “None of the patients ate.” In “bu dou” ne, “Not all the patients ate.” In mutum biyu ne kuma, “neither.” Ta bar sa “not” a bayan “all” kwata-kwata, ko da za ta gan shi a tsofaffin littattafai.

Each da every kuwa, sau da yawa kowacce aka sa ta zauna, kuma duka biyun tilo ke bin su. “Every” tana bin mutane ɗaya-ɗaya amma hankalinta na kan taron, shi ya sa take kusa da “all.” “Each” hankalinta na kan mutum ɗayan da ke gabanta. Malamar jinya ta ba “every patient” magani, ba ta tsallake kowa ba. Likita ya zauna da “each patient,” kowa da nasa lokacin. Akwai wuraren da ba a musanya su, kuma jikin ɗan Adam ya ishe ku misali. Abin da yake biyu “each” ne: “each eye,” “each kidney.” In kika ce “every eye” a kan mutum ɗaya, kin ba shi ido uku. Tazarar lokaci ta “every” ce: “every eight hours.” “Almost” da “nearly” ma da “every” suke tafiya, ba a cewa “almost each.” Sannan “each” tana iya tsayawa ita kaɗai, “two tablets each,” ko ta ɗauki “of” kai tsaye, “each of them.” “Every” ba ta iya wannan sai ta jawo “one”: “every one of them.”

Tunda a asibiti kuke, ga abin da zai nuna mata cewa wani lokaci al'ada ce kawai ke zaɓar kalma, ba hankali ba. Gwajin jinin nan da asibitocinmu ke kira “full blood count,” bin Ingila, a Amurka sunansa “complete blood count.” Gwaji ɗaya ne. Jinin da ba a raba shi kashi-kashi ba kuwa “whole blood” ne a ko'ina, kitsen jini in an haɗa nau'o'insa “total cholesterol,” cikin da ya cika watanninsa “full-term.” A Sinanci kalmar “quan” ce ke gaban sunan gwajin nan da na “whole blood”, shi ya sa take ganin kamar Turawa neman fitina kawai suke. Irin waɗannan ta buɗe musu shafi a littafinta ta riƙa rubuta su tare da sunan da suke bi, ba su kaɗai ba.

Tambaya: Malam ina gaisuwa. Ina sayo kayan sola daga Guangzhou. Na yi oda, mai kamfanin ya turo min saƙo cewa “Your goods all complete.” Na biya ragowar kuɗi. Da kaya suka iso, ga faranti ga inbata ga wayoyi, babu batir ko ɗaya. Na yi masa magana ya ce shi bai ce da batir ba. Cuta ce ko Turanci ne?
Alhaji, Sabon Gari, Zariya

Amsa: Ina amsawa, Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Ba na yanke wa mutum hukunci ban ji ta bakinsa ba, amma jimlar da ya turo maka tana da ƙofa biyu, kuma kowannenku ta tasa ya shiga. “Complete” tana nufin babu abin da ya ɓace, tana kuma nufin an gama aiki. Kai ka ji “kayanka sun cika.” Shi wataƙila abin da ke ransa “an gama haɗa kayanka.” A Sinanci kalmomi biyu ne mabambanta, “qi” ga kayan da suka hallara babu giɓi, “wancheng” ga aikin da aka kammala, amma manhajar fassara tana iya mayar da kowacce “complete.” Mai yiwuwa saƙonnin da ke kai-komo tsakaninku a WeChat ko WhatsApp ta cikin irin wannan manhaja suke bi.

Ko da ma'anar farkon yake nufi, sai a tambaya: cika bisa wane lissafi? “Complete” ba ta da ma'ana sai da jerin da za a gwada ta da shi. A wurinka saitin sola ba ya cika sai da batir. A wurin masana'anta kuwa sau da yawa batir kaya ne daban, musamman na litiyam, wanda dokokin sufurin jiragen ruwa da na sama suka sa a rukuni na 9 na kaya masu haɗari, da takardunsa daban da kuɗin dakonsa daban. Don haka ba abin mamaki ba ne a yi maka farashi ba tare da shi ba. Ka koma kan takardar farashin farko da ya turo maka. In an rubuta batir a ciki, haƙƙinka ne, ka bi shi. In ba a rubuta ba, to kalma ce ta ci kuɗinka.

Nan gaba, kada ka yarda da sifa, ka nemi suna da lamba. Ka rubuta “One complete set includes,” sannan ka jera: faranti kaza, inbata ɗaya, batir kaza mai ƙarfi kaza. Kafin ka biya ragowar, bayan kafin alƙalamin da galibi kan kama kashi 30 cikin 100, ka sa a turo maka “packing list,” wato jerin kayan da aka ɗaure, da hoton kayan a buɗe, ka ƙirga da kanka.

Tunda muna kai, ka kula da 'yan uwanta biyu. “Total” tarawa ce kawai, ba ta ce an haɗa da komai ba. “Total amount” jimillar abin da aka rubuta a takardar ne, dako da kuɗin kwastan suna iya kasancewa a waje, sai ka tambaya. “Full container load,” wato FCL da ejan ke faɗa, ba ya nufin an cika kwantena maƙil. Yana nufin kai kaɗai ka kama ta, ko da rabinta iska ce, kuma kuɗin duka za ka biya. Ta ƙafa 20 cikinta yana ɗaukar wajen kubik mita 33, in kayanka ba su kai ko kusa ba gara ka shiga haɗaka, wadda suke kira LCL. In kuma ka gama biya, kalmar da kake so ya rubuta maka ita ce “paid in full,” ba “paid all” ba.

Tambaya: Malam, ni da Faransanci na yi karatu. Ina aiki da Sinawa a harkar mai, Turanci muke ɗan taɓawa da su. Ɗaya ya tambaye ni whole da entire wanne ne daidai. Me zan ce?
Wani mai karatu, Damagaram

Amsa: Ka ce masa duka biyun. Tun da aka buɗe matatar mai ta Damagaram a 2011 nake jin labarin wannan haɗin, Bahaushe mai Faransanci da Basine mai Sinanci suna lallaɓa Turancin da ba na kowa ba, kuma kai kana da wata riba da ba ka sani ba. “Entire” ita ce “entier” ɗinku. Ta shiga Turanci ne daga Faransanci a ƙarnukan da suka biyo bayan mamayar da Normandawa suka yi wa Ingila a 1066, asalinta kuma “integer” ta Latin, wadda ɗaliban lissafi suka sani. “Whole” kuwa 'yar gida ce, daga tsohon Turanci, dangin “heal” da “health,” abin da yake lafiya lau bai fashe ba. Harafin “w” na gabanta daga baya aka liƙa shi, ba a furta shi, don haka da ita da “hole” sauti ɗaya ne. Ka gaya masa wannan, don Sinawa kan yi ƙoƙarin furta shi.

A gaban suna ma'anarsu ɗaya: “the whole pipeline,” “the entire pipeline.” Ta biyun ta fi kama da harshen takarda, ta kuma fi nauyi in ana son jaddadawa. A rahoto ya sa “entire,” a hira ya sa “whole.” Ya kula da “a whole day” amma “an entire day.” Inda ba su musanya shi ne “whole” tana iya zama suna, “the whole of Niger,” “on the whole,” “as a whole,” ita kuwa “entire” ba ta iyawa. Sunayen da suka riga suka daskare ma ba a taɓa su: “whole number,” “whole milk.”

Kai kuma naka tarkon “tout” ne, wadda ke yi muku aikin kalmomi uku. “Toute la journée” shi ne “all day” ko “the whole day,” “tous les jours” kuwa “every day,” ba “all the days” ba. In kuma ka tsallako Kano ka ji wani yana cewa “a whole manager,” yana mamakin an wulaƙanta babban mutum, wannan Turancin Najeriya ne, daidai da mu ce manaja guda sukutum. Kada ka koya wa baƙon naka shi, sai dai in zai zo sayayya Kantin Kwari.